TSABAR DA AKE WATSA WA KAZA: Kuɗin "Kyauta" Da Ɗakin Caca A Jiragen Ruwan Shaƙatawa

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), ina roƙon 'yan'uwa matasa su ba ni aron hankalinsu, domin maganar da zan yi ta yi kama da labarin nesa, amma wutsiyarta tana cikin aljihun kowannenmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani saƙon murya da wani ɗan'uwa da muka yi Islamiyya tare ya turo zaurenmu na tsofaffin ɗalibai. Yanzu yana karatu a birnin Houston ta ƙasar Amurka. A lokacin hutu abokansa suka ja shi suka shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa daga tashar Galveston, kwana biyar a kan teku. Ya ce da ya sayi tikiti sai aka rubuta masa dala 100 kyauta, amma da sharaɗin a cikin jirgin zai kashe, ba a ba shi a hannu. Sai wani ya koya masa dabara: ya shiga ɗakin caca, ya zura katinsa a injin caca, ya juye kuɗin a ciki, ya danna sau ɗaya da dala ɗaya, sannan ya je tagar mai biyan kuɗi ya ce ya fasa wasa a ba shi canjinsa. Ya fito da dala 99 tsaba. Yana ba da labarin yana dariya, wai ya ci Turawa da wayo, har yana cewa duk wanda Allah ya kai shi can kada ya bar musu ko sisi.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne amsar da ta biyo baya. Ƙannenmu a zauren suka yi ta jinjina masa. Wani ya ce ai wannan ba caca ba ce, ƙwato haƙƙi ne. Wani ya ce shi ma haka yake yi da garaɓasar da manhajojin caca suke bayarwa a waya. Inna lillahi! Ni ba malami ba ne, fatawa ta malamai ce. Amma abin da na sani zan faɗa, wanda ya ga kuskure ya gyara mini.

MENE NE WANNAN KUƊIN?

Bari mu fara da jirgin kansa, don wasu suna zaton irin kwalekwalen fito ne. Jirgin da ake kira Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara aiki daga birnin Miami a watan Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20 ne, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Gari guda ne a kan ruwa. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a ta ce a shekarar 2024 mutum sama da miliyan 34 suka yi irin wannan tafiya a duniya.

A cikin jirgin ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ranar da ka shiga za a ba ka kati ɗaya, shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka, shi ne kuma lalitarka. Kamfanin Carnival yana kiran nasa Sail & Sign, Royal Caribbean yana kiran nasa SeaPass. Wannan kati an ɗaure shi da katin bankinka. Duk abin da ka saya sai dai ka miƙa kati, a rubuta, ranar sauka a tara a cire. Ka lura da kyau, ɗan'uwa: an raba hannunka da kuɗi tun daga bakin ƙofa, don an san mutum yana jin zafin ƙirga takarda ya miƙa, amma ba ya jin zafin miƙa roba.

To a cikin wannan asusu ne ake zuba abin da suke kira kuɗin kashewa a jirgi. Iri biyu ne. Akwai wanda ake mayarwa, wato kuɗinka ne na asali, kamar in an soke wata tasha aka dawo maka da harajinta. In ba ka kashe ba za a maido maka bayan tafiya. Akwai kuma wanda ba a mayarwa, wato na talla, wanda kamfani ko dillalin tikiti yake bayarwa don ka saya a wurinsa; in ba ka kashe ba ya ƙone ranar sauka. Har masu hannun jari ana ba su: wanda ya mallaki hannun jari 100 a Carnival ana ba shi dala 50 ko 100 ko 250, gwargwadon tsawon tafiyar, kuma an rubuta a sharaɗin cewa ba a canza shi zuwa tsaba, ba a kuma kai shi ɗakin caca. Irin na biyun nan, wanda yake ƙonewa, shi ne mutane suke neman hanyar fitarwa.

Me ya sa kamfani zai ba ka dala 100 a banza? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Rahotannin da manyan kamfanonin nan suke fitarwa duk shekara sun nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsu ba daga tikiti yake zuwa ba, daga abin da fasinja ya kashe bayan ya shiga ne: giya, caca, hotuna, intanet, kantuna, yawon gari. Tikiti ana iya karya farashinsa, domin an san inda za a fanshe. Wannan dala 100 aikinta ɗaya ne, ta koya wa hannunka miƙa kati. Mai goro in ya yi maka gyara, bayan an gama ciniki yake yi, ka ɗauka ka tafi gida. Wannan kuwa kafin ciniki ake bayarwa, kuma ba ta fita daga shagon. Irin tsabar da ake watsa wa kaza ce daga tsakar gida har zuwa bakin akurki.

ME YA SA SAI A TSAKIYAR TEKU?

Ku tambayi duk wanda ya taɓa shiga: a mafi yawan tashoshi, muddin jirgi yana tsaye, ɗakin caca a rufe yake. Sai an ɗaga an yi nisa sannan fitilu su kama. Dalili shi ne ikon kowace ƙasa a kan teku yana da iyaka, mil 12 na ruwa, kimanin kilomita 22, kamar yadda yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta tanada. Bayan nan sai dokar ƙasar da jirgin yake ɗauke da tutarta. Shi ya sa za ka ga jirgi yana tashi daga Miami, fasinjojinsa Amurkawa, ofishin kamfaninsa a Amurka, amma tutarsa ta Bahamas ce ko Panama. Shi kansa kamfanin Royal Caribbean a ƙasar Laberiya ta nan Afirka ta Yamma aka yi masa rajista a 1985.

Wannan dabara tsohuwa ce. A 1938 wani tsohon mai fasa-ƙwaurin giya mai suna Tony Cornero ya girke wani jirgi mai suna Rex a gaɓar Santa Monica ta jihar Kalifoniya, ɗan gaba kaɗan da mil uku, wanda shi ne iyakar ikon jiha a lokacin. Ƙananan jirage suna ta jigilar mutane dare da rana zuwa caca. A 1939 babban lauyan jihar, Earl Warren, ya tura jami'ai su rufe shi, Cornero ya sa aka yi ta fesa musu ruwa da mesar kashe gobara har kwanaki kafin ya miƙa wuya. A 1948 gwamnatin Amurka ta yi dokar hana jiragen caca. Amma da kuɗi suka yi magana, a 1992 aka sassauta doka har jiragen da suke ɗauke da tutar Amurka aka yarda su buɗe caca a teku. Ka ji dokar ɗan Adam: abin da aka kai wa samame jiya, yau an ɗaura masa lakataya an ba shi lasisi.

Haramcin Allah kuwa ba shi da mil 12. Wanda ya haramta caca a Makka da Madina shi ne Ubangijin tudu da teku, kuma mala'iku masu rubutu ba sa sauka a tasha.

"AI BAN YI CACA BA, WUCEWA KAWAI NA YI"

Wannan ita ce hujjar ɗan'uwanmu, kuma ita ce ta ruɗi ƙannenmu. Mu auna ta da adalci.

Na farko, ya ce kuɗinsa ne. In irin wanda ake mayarwa ne, gaskiyarsa, amma shi wannan ba ya buƙatar ɗakin caca, da kansa zai dawo asusunsa. In kuwa na talla ne, to da sharaɗi aka ba shi, ya karanta ko bai karanta ba ya danna ya amince. Musulmi an san shi da cika sharaɗin da ya ɗauka, ko da Musulmi ya ƙulla ko da wanda ba Musulmi ba. Ka je gaban mai biyan kuɗi ka nuna kamar ɗan wasa ne da ya fasa, alhali kai ka san abin da ka ƙulla, wane suna za mu ba wannan in ba ha'inci ba? Zaluncin kamfani ba ya halatta mini ƙarya.

Na biyu, ya ce sau ɗaya kawai ya danna. To wannan dannawa ɗaya mece ce? Ka sa dala ɗaya, ko ta tafi ko ta jawo dubu, ba ciniki ba aiki, sai abin da inji ya fitar. Wannan ita ce caca da dukkan gaɓoɓinta. Ƙanƙantar kuɗi ba ta canza sunan abu. Babu wanda zai ce kurɓi ɗaya na giya halal ne don kofin ƙarami ne, kuma a aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida giya da caca a jere Allah ya ambace su, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya yi umarni a nisance su. Nisanta aka ce, 'yan'uwa. Wanda ya zauna a kujerar inji ya zura katinsa, ina nisan yake? Ga shi kuma wasu kamfanonin sun gano dabarar sun toshe ta, sun ce sai ka buga kuɗin gaba ɗaya aƙalla sau ɗaya kafin ka fitar. Nan kuma me mai wayo zai ce?

Na uku, wasu suna cewa su ba kuɗin talla suke bi ba, tsaba suke buƙata don yawon gari, kuma injin ATM na jirgi yana cajin dala biyar ko fiye, shi ya sa suke zuwa tagar ɗakin caca a ciro musu daga asusun ɗaki. Can ma a jirage da yawa ana yankar kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Amma tambayar ita ce: a jirgi mai hawa 20, me ya sa hanyar samun tsaba mafi sauƙi ta bi ta ɗakin caca? Kuma me ya sa a yawancin jiragen aka gina ɗakin a tsakiya, a kan hanyar da mutum zai bi daga wurin cin abinci zuwa zauren wasanni? Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya zana jirgin ya san cikin mutum goma da suka shigo "cirar kuɗi kawai", ba goma ne za su fita kai tsaye ba.

Ku tuna ƙissar da Allah ya ba mu a Suratul A'araf, ta mutanen wani gari na bakin teku da aka hana su kamun kifi ranar Asabar. Malaman tafsiri sun ce ba su fito fili sun ƙi umarni ba. Dabara suka yi, suka kafa tarkonsu kafin ranar, suka kwashe bayanta, suna cewa ai mu ba mu yi su ranar Asabar ba. Kowa ya san yadda suka ƙare. Kuma a mazhabar Imamu Malik akwai babbar ƙa'ida ta saddu zari'a, wato toshe kafar da take kaiwa ga ɓarna tun kafin a isa. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da muka haddace a aji ya ba da misalin makiyayin da yake kiwo a gefen gonar da aka killace, ba da jimawa ba dabbobinsa za su faɗa.

LISSAFIN DA BA SA SO KA YI

Ko da mun ajiye maganar addini gefe, ɗan sakandare ma zai iya wannan lissafi. Ɗauki faifan nan mai juyawa da suke kira rulet, irin na Amurka. Gurabe 38 gare shi. In ka ci, ana ba ka 35 a kan ɗaya, haɗe da dalarka. Ka ɗauka ka sa dala ɗaya a kan kowane gurbi, ka kashe 38. Dole ɗaya ya ci, a ba ka 36. Ina biyun? Suna aljihun mai gida. Wato sama da kashi 5 cikin 100 na duk abin da aka ɗora a teburin nasa ne tun kafin a juya faifan. Shi ba caca yake yi ba, haraji yake karɓa daga masu caca.

Injin kuma ya fi muni, don ba ka ganin lissafinsa. Mu ƙaddara, a matsayin misali, an saita shi ya mayar da 90 cikin kowace 100. Ka zuba 100 ta koma 90, ka sake zubawa ta koma 81, ka sake ta koma 73. Kafin zagaye na takwas rabin kuɗin ya tafi, kai kuwa kana ganin fitilu da kiɗa kana jin kamar ci kake yi. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, B.F. Skinner, ya nuna da tantabaru da ɓeraye cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi ɗaure dabba ga danna maɓalli. Wannan ilmin aka zuba a cikin injin. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da cutar caca rukuni ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Abin da Alƙur'ani ya haɗa tun ƙarni 14, sai yanzu likitoci suka haɗa.

Kuma duk wanda ya zura katinsa a inji, sunansa ya shiga littafinsu. Suna ƙirga masa maki. Wanda ya tara da yawa a ba shi giya kyauta muddin yana zaune yana wasa, bayan ya koma gida a aiko masa da wasiƙa: ga ɗaki kyauta a tafiya ta gaba. Ka taɓa jin ɗan kasuwar da yake ba da ɗakin kwana bakwai kyauta ga wanda yake cin ribarsa? Wanda ake tatsa ake kira ya dawo.

Ƙarshen wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. A watan Satumban 2025, jirgin Rhapsody of the Seas yana sauke fasinja a San Juan ta Puerto Rico, wani fasinja ya yi tsalle ya faɗa ruwa, masu babur ɗin ruwa suka tsamo shi. Takardun kotu sun nuna kamfanin ya shaida wa masu bincike cewa yana binsa sama da dala 16,000, kusan dukkansu na caca. A watan Mayun 2024 kuma wani magidanci ya faɗa teku daga wani jirgin kusa da birnin Sidni ta Ostareliya ya rasu, danginsa suka shaida wa jaridu cewa ya yi asarar dubban daloli a ɗakin caca cikin dare biyu. Waɗannan ma ba da niyyar halaka suka taka matakalar jirgi ba. Hutu suka je.

JIRGIN DA KE CIKIN ALJIHUNKA

Wani zai ce, malam, mu da ko fasfo ba mu da shi, ina ruwanmu da jirgin Miami? Ruwanka shi ne ƙaninmu da ya ce shi ma haka yake yi da garaɓasar manhaja. Tsarin ɗaya ne, babu bambanci ko na gashi. A ce ka yi rajista an ba ka kyauta, kyautar ba ta fita sai ka buga ta sau kaza, kai kuma ka ce ai ba kuɗina ba ne, bari in juya in cire in gudu. A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a Kano, amma wa zai rufe shagon da yake cikin waya, a ɗakinka, ƙarfe biyun dare? Wayar nan ita ce tsakiyar tekunka, inda kake ganin babu hukumar da ta isa.

Larabawan jahiliyya su ma suna da hujja mai daɗin ji. Sukan yanka raƙumi su yi caca da kibau goma, bakwai masu rabo uku marasa rabo, wanda ya ci kuma sau da yawa talakawa yake raba wa naman, har suna zagin wanda ya ƙi shiga da rowa. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ba ta musanta cewa akwai ɗan amfani ba, amma ta bayyana cewa zunubin ya rinjaye shi. In cacar da take ciyar da miskinai ba ta tsira ba, ina ga wadda za ta ba ka dala 99 ka sayi turare?

To mene ne mafita ga wanda Allah ya kai shi irin wannan wuri? Da farko ya tambayi kansa ko ya dace ya biya kuɗinsa a kulle shi kwana biyar tsakanin mashaya da ɗakin caca da tsiraicin bakin tafki. In kuwa ya riga ya shiga, ya riƙe tsabarsa tun daga tudu don kada buƙata ta kai shi waccan taga. Kuɗin da ake mayarwa ya bar shi ya dawo da kansa. Na talla kuma ya kashe a halal ɗin da sharaɗin ya yarda: abinci, intanet, wanki, tsarabar iyaye. In ya halatta a ba da shi tukwici, ga ma'aikatan nan 'yan Filifin da Indiya da Indunusiya, da yawa daga cikinsu Musulmi, masu yin watanni ba su ga iyalinsu ba. In duk babu hali, ya bar shi ya ƙone. Dala 100 da ta ƙone a asusun jirgi ta fi dala 99 da za a tambaye ka ita a ranar da babu dinari babu dirhami.

Shi kuwa ɗan'uwana na Houston, na kira shi mun yi magana ta fahimta, domin nasiha a asirce take farawa, kuma da izininsa na rubuta wannan. Na tuna masa hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah (S) ya umarci wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka. Gayyata kawai fa, ko ba a buga ba. Shi kuwa zaure guda ya gayyata. Ya ce zai tambayi malamin masallacinsu yadda zai yi da kuɗin, kuma ya goge saƙon. Saura ƙannen da suka riga suka saurara, su nake jiye wa tsoro, kuma dominsu na yi wannan rubutu.

Allah ya tsare mu da kwaɗayi, ya wadata mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, ya shiryi matasanmu na gida da na waje.